Watan da Aka Daina Auna Teku

Alhamis, 5 ga Rajab, bayan La'asar

Abu Tahani ya dawo daga bakin teku yau ba kifi a hannunsa. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ya shigo gidan nan ranar Alhamis hannu rabbana ba. Ya gaida Baba, ya shige wanka ya daɗe. Na ce a raina, to, yau akwai magana.

Sai da ya ci ya sha shayi sannan ya faɗa mini. Aikin nan nasu na auna teku, ashe doka ce ta kafa shi, kuma wa'adi aka yi wa dokar. Wa'adin zai cika ƙarshen watan nan. An kai wata sabuwa majalisa a Riyad don a ƙara wa shirin shekaru, amma har yanzu ba a zartar ba. In wata ya mutu ba a zartar ba, kamfaninsu zai kwashe su kaf zuwa Jubail, can ɗaya tekun na gabas, inda suke da wani kwantiragin.

Na ce ai Jubail ma mutane ne a cikinta. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ɗakin Baba ne a bisa kanmu.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Baba ya zo Hajji da ni ina yarinya, bayan rasuwar Innata, jirgi ya koma Kano ba mu a ciki. Ni aure ya gyara mini zama, ina da iƙama, takardar izinin zama. Shi ba wanda ya gyara masa. Kusan shekara talatin bai wuce shingen bincike na hanyar Jidda ba, balle a ce Jubail mai shinge bayan shinge. In muka tafi, ba da shi ba. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Da Hausa nake rubutun nan da gangan. Tahani bakinta kawai ya iya Hausa, ubanta kuwa in ya ga boko kansa ke ciwo.

Asabar, 7 ga Rajab, da hantsi

Abin kunya, sai jiya na tambayi mijina mene ne ainihin aikinsa. In an tambaye ni a gidan biki cewa nake yana aikin ruwa, sai mata su ɗauka mai gyaran famfo ne, ni kuma in bar su a haka.

Ashe wasu manyan tuluna ne na ƙarfe, masu launin ruwan ƙwai, aka jera a kan teku daga Shu'aiba har Lis, kowanne ɗaure da sarƙa a ƙasan ruwa. Shi awwama yake ce musu. A cikinsu akwai na'urorin da ke auna tsayin igiyar ruwa, da zafinsa, da gishirinsa, da inda ya nufa. Shi da mutanensa suke shiga jirgi su je su kankare su, su canza musu batir. Ya nuna mini shafin a waya, kowa na iya buɗewa. Masunta na dubawa kafin su fita. Masu injin tace ruwa na dubawa don su san in datti ya doso su.

Baba na zaune yana jan carbi kamar ba ya ji. Sai ya ce a tsaya. Shi tela ne, ya yi shekaru a shagonsa na unguwar Misfala kafin ido ya yi rauni, kuma a iya saninsa ba a auna abin da bai tsaya ba. Yaro ma sai uwarsa ta riƙe shi ake sa masa tef. To wa ke riƙe musu teku?

Abu Tahani ya ce ba sau ɗaya ake aunawa ba, kullum ne, kowace sa'a, shekara da shekaru, sai a san halinsa. Baba ya jinjina kai ya ce wannan ba awo ba ne, zaman tare ne.

Da ya ji cewa ruwan famfonmu daga tekun ake tace shi a turo Makka, sai ya ajiye carbi. Ya tashi ya je ya buɗe famfo ya tsaya yana kallo. Ya ce wato duk shekarun nan da teku yake alwala, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya masa. Sau ɗaya ya taɓa ganin teku, ta tagar jirgi, shi ma kan wani Bazamfare ya tare masa rabi.

Litinin, 9 ga Rajab, bayan Asuba

Igiya rabin mita a tulu na uku. Can Abu Tahani yake yau. Baba ya tambaya kafin ya tambayi shayi.

Laraba, 11 ga Rajab, bayan Azahar

Na zama 'yar majalisa a kicin. Ina yanka albasa ina karanta yadda ake yin doka. Ashe tafiya take yi kamar lefe: a kai ta nan a duba, a mayar, a ce a ƙaro kaza, a sake kawowa. Akwai kwamiti, kwamitin ya rubuta ra'ayinsa, a karanta a zaure, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, sannan ta hau sama a sa hannu. Tamu tana hannun kwamiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda ya ce a daina auna tekun. Na bi duk abin da jaridu suka rubuta, ban ga mai ƙi ba. Gardamar wai wa zai riƙe alƙaluman, ma'aikatar da ke riƙe da su yanzu ko wata sabuwar hukuma, kuma shekara biyar za a ƙara ko goma. Kowa na so, amma ba a gama ba. Ni da nake zaton sai ana ƙin abu yake tsayawa.

Ina so in ga fuskokinsu. Ba don faɗa ba, wallahi. Ina so in san ko a cikinsu akwai wanda tsohonsa ke zaune a ɗakin sama.

Inna Ɗaso maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi ta same ni da waya a gefen murhu. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko tekun ƙarewa zai yi in ba a auna ba. Na ce a'a. Ta ɗauki turminta ta ce to Allah ya kyauta.

Juma'a, 13 ga Rajab, bayan an sauko

Mun yi maganar, ni da Abu Tahani, a mota, don a gida bango ba shi da kauri. Ya ce kamfani zai ba da gida a Jubail, akwai makarantar 'yan mata kusa. Ya ce ba zai iya ajiye aiki ba, ba abin da ya iya sai wannan, kuma a shekarunsa ba a fara sabo. Duk gaskiya ne. Na fi jin haushi in yana da gaskiya.

Na ce ya je ya riƙa zuwa mana. Ya ce daga Shu'aiba sa'a ɗaya ce, daga Jubail sai jirgin sama, wata biyu ko uku kafin ya samu hutu. Ya ce shi ya tashi ubansa na wani gari, ya san yadda abin yake, ba ya so wa Tahani.

"Ya Ummu Tahani, ban ce ki zaɓa ba," in ji shi.

"To me ka ce?"

Ya kunna mota.

Lahadi, 15 ga Rajab, da yamma

Ba labari. Ruwa ya yi sanyi kaɗan a tulu na biyar. Na ƙona shinkafa.

Talata, 17 ga Rajab, bayan La'asar

Kwamiti ya gama, an sa dokar a jerin abin da za a tattauna jiya. Na yi ta sabunta shafin labarai har yatsana ya gaji. Ashe sun tsaya kan wata dokar da ke gabanta, ta kiwon raƙuma ko ta magungunan dabbobi, ban tantance ba, lokaci ya ƙare. An ɗaga tamu zuwa wani zaman.

Na gaya wa Baba an ɗaga, amma ban gaya masa abin da ke biye da ɗagawar ba. A saninsa dai aikin surukinsa ne ke rawa. Jubail ba ta fito daga bakin kowa a gabansa ba.

Yanzu ya mayar da abin darasi. Bayan La'asar zai sauko da kujerarsa ya ce, "Uwata, karanto mana." Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kirana Sa'adiya ba. In karanto masa tuluna ɗaya bayan ɗaya. Ya raɗa musu suna. Na uku shi ne Sarkin Fushi, don igiyarsa ta fi tashi. Na shida Malam Shiru. Yau ya tambaye ni, in an daina aunawa na wata biyu sannan aka dawo, wa zai cike gurbin da aka bari? Na tambayi Abu Tahani a waya. Ya ce ba mai cikewa, wannan ramin ya zauna ke nan har abada, duk wanda ya zo nazari bayan shekara hamsin zai tarar da shi. Baba ya ce haka ɗinki yake, in ka tsallake wuri ko ka dawo ka bi ta kai, mai ido zai gani.

Ina son waɗannan zaman namu. Ina jin tsoron yadda nake son su.

Alhamis, 19 ga Rajab, da hantsi

Inna Ɗaso ta ce in abin ya tabbata a bar mata Baba, tana da ɗaki. Ban san wa ya gaya mata ba. A unguwarmu ta Ka'akiyya in ka yi tari a ɗakinka sai an yi maka sannu daga layi na uku.

Na je na ga ɗakin. Ƙarƙashin matakala ne, nan take ajiye buhunan gawayi da take sayarwa. Ba taga. Ta ce za ta share ta sa fanka. Da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah ya saka mata. Na yi godiya, na dawo gida na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

In Inna Ɗaso ta sani, to majalisar tsofaffi ta bakin masallaci ta sani. In sun sani kuwa...

Asabar, 21 ga Rajab, bayan Azahar

Baba ya ba Tahani almakashinsa, babban nan na Jamus da ko taɓawa ba ya bari a yi. Ta ce, "Lesh ya Jaddi?" Wato don me, Kaka. Ya ce don ta daina yanka takarda da na kicin.

Ya kuma sa na wanke masa manyan rigunansa duka, har da wadda ba ya sawa sai da Salla. Na ce Salla da saura. Ya ce ƙura ba ta san wata ba.

Ban tambaya ba. Ni da nake tambayar komai kwanakin nan, har na san yadda ake kaɗa ƙuri'a a Riyad, wannan ban tambaya ba.

Litinin, 23 ga Rajab, da yamma

Zama ya yi. An karanta, an yi muhawara, an mayar wa kwamiti ya gyara sashe biyu. Sarkin Fushi mita ɗaya da rabi.

Alhamis, 26 ga Rajab, bayan Magariba

Abu Tahani ya zo da kifi yau, da kuma wata gora cike da ruwa. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba ya ce, "Ya Ammi, ga teku na kawo maka." Daga gefen tulu na uku ya ɗebo.

Baba ya ɗaga gorar ya duba ta a fitila. Ya ce ai fari ne, shi shuɗi ya gani ta taga. Ya zuba a tafin hannu ya shinshina, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska har Tahani ta faɗi ƙasa don dariya. Ya ce lallai masu tace wannan su mayar da shi abin sha sun ci albashinsu. Ya tambaya ko ya halatta a yi alwala da shi haka ɗanye. Abu Tahani ya ce ƙwarai. Sai Baba ya tashi ya yi alwalar Isha da shi, a hankali, bai zubar da ko ɗigo a banza ba.

Da ya gama ya dafa kafaɗar Abu Tahani ya ce masa ya riƙe aikinsa da kyau duk inda aka kai shi, mutum ba ya wasa da abin da ya iya. Duk inda aka kai shi. Na dubi mijina, mijina ya dubi gora.

Litinin, 30 ga Rajab, bayan Azahar

Wa'adi ya cika. Dokar na wurin kwamiti.

Talata, 1 ga Sha'aban, bayan Magariba

Shafin ya tsaya. Lambobin jiya ne a kai, da wani rubutu ja a sama cewa an dakatar da sabuntawa har sai an kammala matakan doka. Na yi ta ja da yatsa ko zai motsa.

Abin da na kasa ganewa: tulunan suna nan a kan ruwa, batirinsu da sauran rai. Suna ci gaba da aunawa ke nan ba mai karɓa? Na tambayi Abu Tahani. Ya ce za su yi ta aikowa har batir ya mutu, amma an rufe inda saƙon ke sauka. Na ce wannan abu da ban tausayi. Ya ce ƙarfe ne fa, Ummu Tahani.

Baba ya sauko da kujerarsa bayan La'asar jiya kamar kullum. Yau bai sauko ba.

Laraba, 2 ga Sha'aban, da yamma

Abu Tahani ya sa hannu a takardar tafiya Jubail. Lahadi za su tashi. An ce iyali su biyo baya cikin wata. An ce in dokar ta wuce wataƙila a dawo da wasunsu, wataƙila a ba wani kamfanin. Wataƙila ta yi yawa a gidan nan.

Mun faɗa wa juna maganganu. Ba zan rubuta su ba, don in na rubuta sun zauna.

Alhamis, 3 ga Sha'aban, bayan Asuba

Baba ya ce in raka shi Harami ranar Asabar da safe, yana so ya yi ɗawafi. Ni kaɗai, ban da Tahani.

Asabar, 5 ga Sha'aban, bayan Magariba

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Mun fita da hantsi. Ya sa rigar Sallar nan. Da yake ba harami ne a jikinmu ba, sama aka tura mu, inda zagaye ɗaya ya kai uku na ƙasa. Na ce in karɓo masa keken turawa. Ya ce shi da ƙafarsa ya zo garin nan. Muka yi ta tafiya, yana tsayawa yana hutawa a jikin ginshiƙi, yana kallon Ɗakin ta saman kawunan mutane. Baba mai surutu ne ko a ɗawafi, yakan nuna mini alhazai ya ce wannan ɗinkin Indonesiya ne, wancan na Turkiyya. Yau bai ce uffan ba. Da muka gama ya yi raka'a biyu, ya sha zamzam, ya tsaya ya ɗaga hannu ya daɗe. Na ji yana cewa Allah kada ya sa wannan ne ƙarshen ganinsa da Ɗakin. Na ce wa kaina addu'a ce kawai.

Muka fito ta ɓangaren Misfala. Na ce mu tsaya mu sayi burodin tamis na gida, wanda bai taɓa wucewa bai saya ba. Ya ce a'a, yau ba ya ciniki. Na ce to mu zauna ya huta. Ya ce ba ya zama. Ya wuce tashar motarmu bai ko waiwaya ba, ya nufi ƙarƙashin gada. Can na hango Hamad, direban nan ɗan unguwarmu, tsaye jikin motarsa. A kujerar baya ga jakar Baba, tsohuwar jakar alhazai da muka zo da ita.

A Misfala na girma, ba sai an yi mini bayani ba. Alhaji in zai bar Makka, sai ya gama sayayyarsa da sallamarsa, ya ɗaure kaya, sannan ya je ya yi ɗawafin ban-kwana. In ya fito ba ciniki, ba zama, sai mota. In ya yi ɗan uzuri kaɗan ba komai, amma in ya zauna ya ɓata wani yanki na yini a garin, ɗawafin ya tashi, sai ya sake. Sau nawa na ga alhazai a ƙofar shagon Baba suna roƙonsa ya gama musu ɗinki kafin su je, don kada jira ya ɓata musu.

"Baba, ban-kwana ka yi?"

"Na yi, Uwata. Tun shekarar da muka zo ya kamata in yi, sai yau Allah ya nufa."

Ya ce Hamad zai kai shi gidan nan na hanyar Jidda inda marasa takarda ke miƙa kansu a mayar da su gida. Ya ce yana da ɗan ƙane a Kano, ba zai kwana a titi ba. Ya ce mace tana bin mijinta, yarinya tana tashi gaban ubanta, shi kuma ba zai zama dutsen da aka ɗaure wa gida a ƙafa ba. Wanda ya fita ta wannan ƙofar ba ya dawowa, ya sani, na sani. Mutumin da kullum addu'arsa a yi masa salla a Harami.

Na ce dokar fa ba ta mutu ba, tana kwamiti. Ya ce shi ma ya yi zaman jiran kwamiti a rayuwarsa, ya san tsawonsa.

Ban yi kuka ba, abin ya ba ni mamaki. Kaina ne ya yi sanyi, na shiga lissafi. Azahar ta kusa. Na ce to shi ke nan, Baba, Allah ya sa haka ne mafi alheri, bari in duba jakar ko an manta maganinka. Na zagaya bayan motar, na taka gefen abayata da ƙafa, na miƙe da ƙarfi. Ta yage tun daga ƙasa har gwiwa. Na ƙara da hannu.

Na fito na nuna masa. Na ce ga shi ƙarfen mota ya kama ni, ba zan iya shiga motar haya haka ba, ƙafata a waje. Baba ya dubi yagar. Tela ne, ya san yagar ƙarfe ya san ta hannu. Ya cire hularsa, ya zaro allurar da ke soke a cikinta tun ina yarinya.

Muka zauna a dakalin wani shago da ke rufe, ni a takure, shi da gefen abayar a cinyarsa. Hamad ya samo mana baƙin zare wurin masu sayar da carbi. Ni ke zura masa zaren don idonsa ba ya gani, kuma ban taɓa zura zare a hankali irin na yau ba. Shi kuwa bai iya ɗinkin gaggawa ba, ko da can alhazai kuka suke da shi. Ƙanana ƙanana yake yi, yana lalube da yatsa. Aka kira Azahar, muka yi a nan cikin sahun da ya fito har titi, ya dawo ya ci gaba. Hamad ya duba agogo ya duba agogo, na ce masa da Larabci ya je ya yi harkarsa, ya bar mana jakar. Ya sauke ta da sauri kamar dama jira yake.

Yana ɗinki yana tambayata, wai tulunan nan in batirinsu ya mutu nutsewa suke yi? Na ce a'a, suna nan a ɗaure, sai dai su yi shiru. Na gaya masa gobe Abu Tahani zai tafi shi kaɗai, ni da Tahani muna nan har a ga abin da majalisa za ta yi, in wata uku ne in shekara ce. Ban gaya wa mijina ba tukuna. Na san abin da zai ce, na san kuma yana da gaskiya, kuma zan ji zafin rashinsa fiye da yadda zan iya faɗa masa. Baba ya ce ban isa in yanke wannan ni kaɗai ba. Na ce shi ma bai isa ya yanke nasa shi kaɗai ba. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau.

Da ya kusa kaiwa gwiwa na sa hannu ta ƙasa na farke inda ya faro. Ya ji ƙarar zaren. Ya tsaya.

"Uwata, ina ɗinkewa kina farkewa."

"Eh, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo mini allura in zura masa, ya koma ƙasa ya sake farawa. Inuwar gada ta bar mu ta koma can gefe. Aka kira La'asar yana kan ɗinki. Ya ƙulle zaren, ya yanke da haƙori, ya mayar da allura cikin hula.

"Kin ɓata mini ɗawafi," in ji shi. "Yini ya tafi. Sai in sake wani gobe."

Na ɗauki jakarsa na rataya a kafaɗa.

"Allah ya kai mu, Baba. Abayoyina da yawa, in sun ƙare akwai na Tahani."